Gwangwanin Keziya

Ranar da muka dawo daga binne kakata
na buɗe gwangwanin shayin da take ɓoyo ƙarƙashin katifa.
Ba zinariya, ba azurfa.
Takardu biyu ne, da dunƙulen gishiri
da ya yi baƙi don daɗewa.

Gishirin na Kanawha ne,
inda aka haife ta a bayan tukwanen ƙarfe
da ba a sauke su daga wuta, Lahadi ko Litinin.
Tana 'yar bakwai aka miƙa mata ludayin da ya fi ta tsawo.
Takan ce: "Rabin Amurka sun sha miya da gumina,
ba wanda ya ce sannu."
Tafin hannunta ya mutu tun a can.
Sai ta ɗauki garwashi da yatsu ta kunna fitila,
muna ihu, tana dariya.

Takarda ta farko rasit ce.
Mace ɗaya, lafiyayya, haƙora cikakku,
dala ɗari uku da tamanin.
Layi na biyu: alfadari guda, ɗari da goma.
Ita ta zare ta daga aljihun teburin ubangidanta
daren da ta shiga gangar gishiri,
wani matuƙin jirgin ruwa ya buga murfi
ya gangara da ita har Ohayo.
Kwana biyu a duƙe.
Ta bar Josifas yana rarrafe.

Shekara shida tana wanki da guga,
sabulu ya cinye abin da gishiri ya rage.
Tana tara silalla a cikin safa don fansar yaron,
sai Lemuwel, mijin da ta aura cikin 'yanci,
mai sanyin murya, mai ba da waƙa a coci,
ya juye safar ya sayi doki da amalanke.
Ta kai ƙara.
Takarda ta biyu amsar alƙali ce:
abin da mace ta samu na mijinta ne.

A ranar, in ji ta, ta gane
ashe igiya biyu ce a ƙafarta,
ɗaya kawai ta tsinka.

A taron masu yaƙi da bauta
aka ce mata su hau bene, su saurara.
Ta ce gwiwarta ba ta hawa.
Ta tsaya tsakiyar maza, takarda a kowane hannu:
"Ku da kuka iya karatu, ku duba mini,
wacce a ciki ta ce ni tawa ce?"
Zauren ya yi tsit, sai tarin wani dattijo.

Daga nan ƙafarta ba ta huta ba.
Coci, rumbun hatsi, ɗakin makaranta.
A wani gari aka jefe ta da ruɓaɓɓen ƙwai,
ta share haɓa ta ce:
"Da mai kyau kuka jefo, da yara sun karya kumallo."
Fararen mata masu neman ƙuri'a suka gayyace ta,
suna so ta ba su labarin bulala, su yi kuka.
Ta ce bayanta ba majigi ba ne,
ta tambaye su nawa suke biyan mai wankinsu.
Ba su sake aiko mata ba sai bayan shekara huɗu.

Da yaƙi ya ƙare ta koma bakin tukwanen.
Ciyawa ta rufe su.
Aka ce an sayar da Josifas kudu, ba a san wa ba.
Kowace bazara ta sa cigiya a jarida:
yana da tabo a kunnen hagu, uwarsa na nan.
Sau ashirin da uku.

Ba ta ga akwatin zaɓe ba, ko daga nesa.

Na ɗauki dunƙulen na ɗora a harshe.
Bai sane ba.
Na mayar da murfi, na sa gwangwanin a jaka.
Laraba akwai taro a Toledo,
an ce mata su zauna daga baya.